ƘARFEN SAJE DOGO

Shafi na 17

Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku, har da na mai cewa na bar baƙo a zaure kwana da kwanaki ko ruwa ban ba shi ba. To ga ruwan nan an kawo. Masu jin haushin Iya kuma ku ƙara haƙuri, yau ma da ita za mu wuni.

*

Wasila ce ta kawo ruwan da kanta, duk da ba a so mai jego ta riƙa leƙa zaure. To ya za ta yi? Baƙon nan Kofur Labbo ne, abokin mahaifinta marigayi Saje Dogo, wanda suka sha wuyar yaƙin Bama tare. Tun daga 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe ya taso, ya hau motar gyaɗa zuwa Gusau, ya sake wata zuwa Bungudu, ragowar hanyar Nahuce kuwa da sanda ya tako ta. Sanƙarau ya ɗauke Saje tun da bazara, cikin wuni biyu, ko wasiyya bai samu bakin yi ba, amma labarin bai isa wurin Labbo ba sai da gero ya kai gwiwa.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya juyo da fuska wajen muryarta, ba wajen da take ba, nan ta gane idanun sun tafi, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Hannunsa kuwa rawa yake, har ruwan ƙwaryar na zuba masa a riga. Yayanta Mu'azu, wanda gidan ya koma hannunsa, shi ya tallafa masa gindin ƙwaryar.

Aka yi addu'a, aka shafa. Labbo ya yi mata barka da haihuwa, ya tambayi sunan yaro, aka ce Salisu. Ya ce Allah ya raya. Wasila ta ce amin da ƙarfi fiye da yadda ya kamata mace mai kunya ta ce, don biyun da ta haifa kafin wannan duk babu wanda ya ga arba'in.

Har ta yunƙura za ta koma ciki, sai tsohon ya yi gyaran murya ya tambayi Mu'azu ko cikin kayan marigayi sun ga wani ƙunshi na jar fata, mai nauyi, ɗinke ruf ba baki. Ya ce shi ne rabin abin da ya taso shi.

Mu'azu ya yi murmushi, har da ɗan alfahari. Ya ce ai ƙarfen tsarin Baba ke nan, wanda ya rataye a saman ƙofar ɗakinsa tun dawowarsa, ko kaza ba ta isa ta bi ta ƙarƙashinsa ba. Da aka zo rabon gado ba wanda ya san kuɗin da za a yi masa, sai Iya, kakarsu, uwar marigayi, ta ce a bar wa Wasila, ita ce mai buƙata. Kowa ya san ana aje wa jariri wuƙa a wajen kai saboda iska da miyagun baki. To an aje wa na fari wuƙa ya koma, an aje wa na biyu ya koma. Shi ne Iya ta ce wannan karon ba wuƙa ba, ƙarfen da ya kai ɗanta Bama ya dawo da shi shi za a sa.

"Yanzu haka yana ƙarƙashin kan yaron," in ji Mu'azu.

Labbo ya aje ƙwaryar. Sandarsa kawai ya shiga lalube.

Tsoho ya miƙe, ya ce a kai shi ɗakin. Mu'azu ya fara kame-kame, wai ɗakin mai jego ne, Iya kuma tana bayan gida wajen tukunyar wanka, a jira ta. Labbo ya ce shi uba ne a gidan nan, kuma in akwai laifi a ɗora masa. Wasila ce ta shige gaba, ta ɗage masa asabari.

Ɗakin ya ɗauki zafi kamar kullum. Gadon ƙasa ne irin na masu jego, da ramin wuta a ƙarƙashi, Iya ba ta taɓa bari garwashin ya mutu ba tun ran da aka haihu. Salisu na barci a kai, ya dunƙule hannu, kansa bisa ɗan tsumman da aka naɗe, ƙunshin fatar na ƙarƙashin tsumman.

Labbo ya dafa gadon da tafin hannu, ya janye da sauri. Ya tambaya ko kullum haka yake da zafi. Aka ce masa kullum.

"Ɗiyata, ɗauke yaron. Sannu. Kada ki ja tsumman, kada gwiwarki ta taɓa gadon."

Wallahi Wasila ba ta san yadda ta ɗauke shi ba. Ta dai ga kanta a bakin ƙofa, yaro a ƙirji, yana mutsu-mutsu yana neman nono.

Tsohon ya durƙusa. Ya tambayi Mu'azu ina siririn ɓangaren ya dosa, aka ce bango, ya ce madalla, kowa ya tsaya ta bayansa. Ya yaye tsumman, ya kama wuyan hannunsa na dama da na hagu don ya rage rawar, ya shiga bin fatar da kan yatsa ɗaya, ko ƙuda ya fi shi nauyi. Ya bi doguwar gaba, ya gangaro inda ta lanƙwasa, ya tsaya. Ya sunkuya ya sansana wurin da ɗinkin ya fara saki. Daga nan ya koma da baya ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ita ta," ya ce. "Wagga ba laya ta ba. Bindiga ta."

Mu'azu ya yi 'yar dariya, irin ta wanda bai so ya yarda. Ya ce Baba Kofur, bindiga ai ya san ta, ga ta maharba nan ta fi shi tsawo, wace irin bindiga ce za ta shiga cikin tafin hannu?

Labbo ya ce libarba ce, ƙaramar bindigar hafsoshi, kuma ba ta Ingilishi ba ce mai tulun harsashi a tsakiya, da ita ce da ya ji tulun. Wannan shafaffiya ce, marikinta gajere, ta Jafan ce, a jikin wani hafsansu da ya mutu Dogo ya ciro ta. Ya ce duk sojan da ya yi Bama ya san irinta, don mugun hali gare ta. Kowace bindiga sai an ja kunama take tashi. Wannan kuwa akwai wani siririn ƙarfe da ya bi gefenta a fili, in aka matsa shi, ko ba a taɓa kunama ba, tashi take.

Ya ce lokacin da Dogo ya ɗinke ta, da hannunsa ya yi, bai yarda baduku ya taɓa ba, ya cusa kaɗa, wato auduga, ta ko'ina, fatar ma sakwa-sakwa ya bar ta. Yanzu ga shi wutar jego ta gasa fatar, ta bushe ta tsuke, kaɗar ta kwanta, har yana jin siririn ƙarfen nan ta waje da yatsansa.

Wasila ta tuna jiya. Yaro na kuka, ta dafa wurin da gwiwar hannu ta juya ta ba shi nono. Ta tuna shekaranjiya Iya ta ɗaga ƙunshin ta karkaɗe shi a gefen gado saboda tururuwa. Ta sulale a jikin bango.

Mu'azu ne ya iya tambaya. Shekara goma sha wani abu fa, ai ko da harsashi ya ruɓe?

Labbo ya ce watakila ya mutu, watakila yana nan da ransa, shi ba zai yi musu ƙarya ba. Irin wannan in ta tashi sau ɗaya, da kanta take ɗora wani a baki ta jira. Akwai ɗan makulli da ake murɗawa don hana ta tashi, amma bai sani ba ko Dogo ya murɗa, kuma ba a ganewa sai an farke fatar. Farkewar kuwa sai an riƙe ta gam an sa wuƙa, riƙon shi ne abin tsoron. Ya ɗaga hannuwansa da ke kaɗawa ya nuna musu, ya ce da shekarun baya ne da ya gwada.

Mu'azu ya kawo shawarar a kai wa maƙerin Bungudu. Labbo ya ce mutumin kirki ne, amma bindigar toka ya sani, zai sa ta a muƙamuƙin ƙarfe na maƙera ya matse, shi ke nan. Mu'azu ya kawo maganar 'yan doka. Labbo ya ce bindigar yaƙi ba lasin, a gidan da kai ne maigida, kai za su fara ɗaurewa kafin su tambayi inda ta fito. Wanda ya san cikinta sai maƙerin soja, shi kuwa yana bariki can Kaduna, wa zai hau motar gyaɗa da wannan a cinya?

Abin da ya rage ɗaya ne. A zare wutar gadon, a shimfiɗa kaɗa a faifai, a turo ta a hankali ta hau, a kai ta gulbi inda ya fi zurfi. Mu'azu ya yi hakan yana zufa, tsohon na gaya masa inda zai taɓa da inda ba zai taɓa ba. Ya aje faifan a lungu, bakin na kallon bango.

Daidai nan Iya ta ɗago asabari, da ganyen wanka a hannu.

Kun dai san Iya. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi gadon da aka zare wa wuta, ta dubi ƙato da tsoho a ɗakin mai jego, ta dubi faifai. Ta amsa gaisuwar Labbo a taƙaice, ta ce ta gode da ta'aziyya, amma wa ya ba shi izinin raba tattaɓa-kunnenta da tsarinsa?

Mu'azu ya shiga bayani, ta bar shi ya gama tsaf. Sannan ta ce to, bindiga ce, sai me? Wuƙa ma ai yanka take, an fasa aje ta? Ƙarfe ƙarfe ne, kuma wanda ya sha yaƙi ya fi wanda ya sha albasa. Ta juya kan Wasila.

"Ke hwaɗa mini. Na hwari kwana nawa ya yi? Na biyu hwa? Wanga ga shi yana tsotso, yana cika hannu. Mi ya canza in ba ƙarhen ga ba?"

Wasila ta dubi faifan. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ma haka ta yi imani. Tun ran suna take lallaɓa fatar nan tana jin sanyi a zuciya. Yanzu an ce in ta bar shi zai kashe mata ɗa, zuciyarta kuma na ce mata in ta ɗauke shi za ta wayi gari da gawa ta uku. Ta ƙanƙame yaron ta fashe da kuka, ta ce Iya don Allah, ita ba ta san komai ba, ita dai ɗanta take so.

Iya ta ce ai shi ya sa. Ta nufi faifan.

"Inna, tsaya," in ji Labbo. "Ɗiya nawa kinka tura Bama?"

Iya ta tsaya cak. Duk gidan an san ba a ambaton wannan. Biyu ta tura, Dogo da ƙanensa Idris, autanta. Dogo kaɗai ya dawo, ya ce mata Jafan sun harbi Idris a bakin wani rafi, ya cika da kalmar shahada. Daga ranar ba ta sake kiran sunan ba, shi ma Dogo bai sake ba.

Labbo ya ce ya yi wa Dogo rantsuwa da Alƙur'ani ba zai faɗa ba, zai yi kaffara, Allah ya gani ba don yaron nan ba da da shi za a binne maganar. Ya ce ranar ba a yi faɗa ba ma. Suna zaune ne su uku suna shan shayi a gwangwani, Idris ya ce Yaya ba ni bindigar in gani. Dogo ya kamo ta ta gefe ya miƙa masa, yana dariya.

"Ko kunama bai taɓa ba, Inna. Ni ina nan zaune. A ƙirji ta same shi."

Ya ce su biyu suka rufe shi, suka gaya wa Bature harbin Jafan ne daga cikin kurmi. Dogo ya naɗe ta a tsumma, ya kasa yar da ita, ya kasa sake kallonta. A jirgin ruwa Labbo ya roƙe shi ya jefa ta teku, ya ce a'a, abin da ya yi ba a jefawa a teku, a bisa kansa zai rataye ta har ya mutu. Ba tsari ba ne ya rataya, hukunci ne ya yanke wa kansa.

Wasila ta tuna yadda mahaifinta ke zama a ƙofar ɗaki yana kallon sama, ana yi masa magana ba ya ji, su kuma suna cewa halin soja ne. Tausayinsa ya kama ta.

Ganyen ya zube daga hannun Iya ba ta sani ba. Da ta yi magana, muryar ba tata ba ce.

"Ƙarya kake, Labbo. Ka bari sai da ƙasa ta ruhe mishi baki, sannan ka zo ka ce ɗana ya kashe ɗana. Hita mini daga ɗaki."

Labbo ya ce Allah ya huci zuciyarta, ya lalubi sandarsa. Mu'azu ya rasa inda zai sa kansa. Ba ya iya ɗaga wa kakarsa murya, balle hannu, ga shi kuma ba ya iya barin faifan. Ya ce to Iya, a kira Liman, abin da ya ce shi ke nan. Ga mamakin kowa ta ce a kira shi, in ya ce a kai gulbi a kai. Ta zauna a bakin gadon da ya fara hucewa, nesa da faifan, ta haɗa kai da gwiwa.

Mu'azu ya ja tsohon zuwa zaure, ya fita da gudu-gudu wajen gonar Liman.

Ni dai tun da nake ba ku labarin nan ban taɓa nuna muku Iya na kuka ba, don Wasila ma ba ta taɓa gani ba, ko ran da aka fita da Saje. Yau ga shi kafaɗunta na girgiza, ba sauti, tana kiran Idris, Idris, a hankali, sunan da ta haɗiye shekara da shekaru. Tsohuwar da ke juya gidan nan da ido ɗaya ta koma 'yar mitsitsiya. Can ta ɗago, ta miƙo hannu biyu.

"Ba ni shi in ji ɗuminshi."

Ku gaya mini, wace mai zuciya ce za ta hana? Wasila ta sa mata yaron a cinya. Iya ta kifa fuska a kansa, ta ce mata ta je ta kai wa baƙon mahaifinta fura, ya sha hanya, kuma ta ba shi haƙuri, bakin uwa ne. Wasila ta dubi faifai a lungu, ta dubi kakarta, ta ga ba abin da ya rage a jikin tsohuwar sai baƙin ciki. Ta ɗauki ƙwarya ta fita.

A zaure ta tarar da Labbo yana share ido da hannun riga. Ta dama masa furar, ta riƙe masa ya sha. Ta tambaye shi ko Baffa Idris ya sha wuya, ya ce a'a, bai ko gama mamaki ba. Ya tambaye ta wa ta bari da abin. Ta ce Iya, amma ta sauko, tana can tana kuka.

Tsohon ya ture ƙwaryar daga bakinsa.

"Koma," ya ce.

Ta koma. Asabari a ɗage, gado wayam. Faifan na nan a lungunsa da kaɗar a shimfiɗe, da ɗan gurbin da abin ya kwanta. Zanen goyo da majanyin da ke rataye a ƙusa babu su.

Ta fito tsakar gida, ta zaga bayan rumbu. Can ta hango Iya ta nufi ɓarakar darni da ke fita gonaki, tana tafiya irin ta tsofaffi, da ɗingishi, kowane taku sai goyon ya girgiza. Yaron da wuyansa bai gama ƙwari ba ta goya. Tsakanin bayanta da ƙirjinsa kuwa ga tudun abin nan ya turo zane, jar fatar ta leƙo ta sama daidai haɓarsa.

Wasila ta so ta ƙwala ihu, ta tuna in Iya ta firgita za ta yi sauri, in ta yi sauri za ta iya faɗuwa. Ta so ta ruga ta fizge shi, ta tuna fizgar ita ce matsar. Mu'azu na gonar Liman, mijinta na Gusau, wanda ya san abin makaho ne a zaure. Ba ta da abin yi a duniyar nan sai baki. Ta zube a kan gwiwoyinta cikin taɓo.

"Iya. Don girman Allah tsaya inda kike. Kada ki motsa. Na yarda, a bar mishi ƙarhen, ni da kaina zan aje mishi. Ki dai tsaya in kwance shi."

Iya ta waiwayo. Idanunta sun bushe.

"Biyu kunka bari anka ɗauke. Wanga ba ku samun shi. Ɗana bai kashe kowa ba, kuma ƙarhenshi bai kashe kowa."

Ƙarfen ya danne wa Salisu ƙirji, ya tsanyara kuka, yana banƙarewa yana tura ƙafa. Iya ta yi abin da kowace mace ke yi in goyo ya yi kuka. Ta kai hannu baya ta shiga bubbuga shi, tana jijjiga, tana cewa yi shiru, yi shiru maigidana. Goyon ya ɗan zame ƙasa. Ta sunkuya ta cilla shi sama, ta kwance majanyin don ta ƙara tsukewa, ta kama bakin majanyin da hannu biyu.

Wasila na kallo Iya ta ja.